'Ya'yan tarwada kaɗai ba za su isa ba

Wani labari ya ce gwamnatin Kamaru za ta raba 'ya'yan tarwada don rage dogaro da kifin ƙanƙara da ke shigowa ta Duwala. Zaɓin ya yi daidai, tarwada tana jure zafin Garwa, ko ruwa ya gurɓace tana ɗagowa ta shaƙi iska, ga bandarta da kasuwa. Amma abincinta ne ke karya mai kiwo, buhun waje ya yi tsada matuƙa. Malam mai cewa kifin madatsar ruwa ta Lagdo da ke kusa da Garwa ya ishe mu, leƙa bakin ruwan ka ga ƙananan karfasar da masunta ke fitowa da su. Ga masara, ga waken soya muna nomawa, me ya hana a kafa injin abincin kifi a nan?