Ƙaba ɓula ce, jiƙo ba ya ɗinke ta

Don girman Allah ku daina tura bidiyon mai maganin nan da ke ɗaga gora yana rantsuwa wai kwana bakwai jiƙonsa zai narkar da ƙaba ba sai an je tiyata ba. Ƙarya ce, kuma irin wadda ke kai magidanci kabari.

Ƙaba ba dattin ciki ba ce balle a wanke ta, ba ƙari ba ce balle ta narke. Ɓula ce a jikin naman da ya riƙe ciki, hanji ko kitse ke leƙowa ta wurin. Shi ya sa da mutum ya miƙe, ko ya yi tari, ko ya ciccibi buhu, sai kumburi ya ɓullo a matsematsi, ya kwanta ya koma, wani lokaci har da ƙugi. In ta daɗe ta gangara cikin maraina, a ce gwaiwa. To me za ka sha ya ɗinke nama? Buhu in ya yage sai allura da zare.

Wani zai ce ai wane ya sha, ta koma. Dama tana komawa da kanta. Ɓular tana nan, kullum ƙara faɗi take yi.

Ranar tashin hankali ita ce ranar da hanji ya fito ya ƙi komawa. Bakin ɓular ya shaƙe shi, jini ya daina isa gare shi, cikin awa shida yana iya fara mutuwa. Kumburin ya yi tauri, ba ya taɓuwa don zafi, ga amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. A nan kada a danna da ƙarfi, kada a ba shi abinci ko maganin wankin ciki, a nufi asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne. Mata su ma su kula: akwai wadda ta fi kama su, takan fito 'yar ƙarama a saman cinya, kuma ita ta fi saurin shaƙewa.

Alhali aikin da ake gudu, in an yi shi da wuri, minti 30 ne zuwa awa ɗaya. A kashe wurin da allura ko a yi ta gadon baya, mutum idonsa biyu. A tsaga kamar tsawon yatsa, a mayar da hanji mazauninsa, a ɗaure jakar da ya fito a ciki, a shimfiɗa raga a kan ɓular a ɗinke. Nama ya tsiro cikin ragar ya riƙe ta. Wannan salon, da ake kira da sunan likita Lichtenstein, tun shekarun 1980 ake yin sa, kuma ya rage dawowar ƙaba ƙwarai. A ranar ko washegari a sallame ka, ka kiyayi kaya mai nauyi sati huɗu zuwa shida. Wanda ya jira ta shaƙe kuwa, sai an yanke ruɓaɓɓen hanji an haɗa sauran, ga doguwar jinya, ga kuɗi ninkin ba ninkin, wani ma ba ya tashi.

Masu cewa tiyata na kashe mazakuta, jita-jita ce kawai. Abin da kan faru shi ne taruwar jini, ko wurin ya yi ruwa, ko ciwo ya daɗe ga kusan mutum ɗaya cikin goma. Taɓa jijiyar maraina ba kasafai ba ne, kuma ya fi aukuwa a ƙatuwar gwaiwar da aka bari shekaru. Mai tari ko taurin bayan gida ko yunƙurin fitsari ya nemi maganinsu, mai shan taba ya ajiye, don su ke tsinka ɗinki.

Af, iyaye mata, kwabon nan da ake ɗaura wa jariri a kan ƙatuwar cibiya ba ya komai sai cin fata. Yawancinta tana rufewa da kanta kafin shekara biyar. Amma in a matsematsin jariri kika ga kumburi yana fitowa lokacin kuka, wannan ba ta jira ba ce, ki kai shi likita ya sa ranar aiki.