Wankin haƙori ba ya girgiɗa haƙori

Wannan bidiyon da kuke ta turo min tun jiya, na wata baiwar Allah da ke cewa haƙoranta sun fara girgiɗi bayan likita ya wanke mata su a asibiti, na gani, kuma raina ya ɓaci. Ba baiwar Allahn da ta yi shi nake jin haushi ba, ita ciwo ne ya dame ta. Masu sharhi ne suka ba ni takaici, kowa na cewa "ai dama wankin haƙori ne ke kashe haƙora, kada ka yarda likita ya taɓa maka baki". Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki.

Wankin haƙori ba ya girgiɗa haƙori. Abin da aka wanke ɗin shi ya yi ɓarnar tun kafin ta shiga asibiti.

Ku tsaya ku duba madubi, ku leƙa bayan haƙoranku na gaba na ƙasa. Wannan abu mai ruwan ƙwai ko baƙi-baƙi da ya manne a gindinsu, dauɗa ce da ƙwayoyin cuta suka tara, sinadaran da ke cikin yawu suka daskarar da ita ta zama kamar dutse. A nan ta fi taruwa saboda a ƙarƙashin harshe yawu ke ɓuɓɓugowa. Da zarar ta daskare, ko sau goma kake goge baki a rana buroshi ba zai cire ta ba. Tana nan zaune tana harzuƙa dasashi, ya kumbura, ya fara jini in ka goge, sannan a hankali ya saki haƙorin, ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar ya riƙa zagwanyewa. Shekaru ake yi a haka, galibi ba tare da zafi ba. Shi ya sa mutane ke sakankancewa.

To ranar da likita ya kankare dauɗar, me za a gani? Ramin da ta riga ta haƙa. Haƙoran da ita ce ta manne su da juna sai su fara motsi, gibin da ta toshe ya bayyana, ruwan sanyi ya riƙa sa zogi na ’yan kwanaki saboda wuyan haƙorin ya fito fili. Likita bai haƙa ramin ba, buɗe shi ya yi.

Wani ya rubuto min wai injin da likita ke wankin da shi yana kankare farin haƙori. Haba malam. Wannan farin saman shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Injin girgiza yake yi da fesa ruwa, dauɗar ta farfashe ta faɗi. Wata kuma ta ce kakarta ba ta taɓa ganin likitan haƙori ba har ta rasu. Allah ya jiƙanta, amma wannan ba hujja ba ce, ba kuma zan tsaya a kanta ba.

Abin da ke ci min rai shi ne wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ciwon dasashi ne mai tsanani. Mai ciwon suga yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, domin ciwukan biyu kowanne na rura wutar ɗayan. Mai shan taba kuma dasashinsa ba ya saurin jini, sai ya ɗauka lafiya lau yake.

Kuma duk wanda kuka tsoratar ya gudu daga wanki, ina zai ƙare? Kogon haƙorin da ciko kaɗai zai rufe sai ya kai ga jijiya, a koma sai an wanke cikin saiwar an cike ta an sa mata murfi. In an makara, a cire. Cirewar ma ba ƙarshen magana ba ce: maƙwabtan haƙorin su karkata zuwa gibin, ƙashin wurin ya motse, a shiga neman haƙorin roba ko na dashe. Wallahi ina tausayin duk wanda sharhin wani zai kai shi nan. Ku daina, don Allah. Wanki bai taɓa jawo wa kowa wannan ba, gudunsa ne ke jawowa.