A Mogadishu, ba a tuna da cin hanci sai an ɓata

Ranar 27 ga Disambar 2021, shugaban Somaliya na lokacin, Mohamed Abdullahi Farmajo, ya sanar da dakatar da firaministansa, Mohamed Hussein Roble, bisa zargin handame filin sojoji. Roble ya ce yunƙurin juyin mulki ne, ya yi zamansa a ofis. Kowa a Mogadishu ya san ba fili ake wa faɗa ba. Rigimar a kan wanda zai riƙe akalar zaɓen da aka yi ta ɗagewa ce, kuma da aka kammala zaɓen a Mayun 2022, maganar fili ta bi ruwa.

Haka abin yake tafiya a ƙasar. Muddin ana ɗasawa, ba mai ganin laifin wani, amma ranar da aka raba gari sai takardun sata su fito. Hassan Sheikh Mohamud, a zangonsa na farko na shugabancin ƙasa kafin Farmajo, majalisa ta tsige masa firaministoci biyu da ya saɓa da su: Abdi Farah Shirdon a 2013, Abdiweli Sheikh Ahmed a 2014. Farmajo ma ya rabu da Hassan Ali Khaire ta wannan hanya a 2020.

Ni dai ina ganin tushen matsalar shi ne yadda ake samun mulkin. Rabon da talakan Somaliya ya zaɓi majalisar ƙasa da hannunsa tun 1969. Kujeru 275 na majalisar wakilai ana kasafta su ne da tsarin 4.5: manyan ƙabilu huɗu kowacce 61, ƙananan su raba 31. Dattawan dangi da wakilansu ke fitar da 'yan majalisa, su kuma su haɗu da sanatoci 54 su zaɓi shugaba a harabar filin jirgin sama, sojojin Tarayyar Afirka na gadi. Wanda ke neman ƙuri'ar mutum ɗari uku da 'yan kai ba ya buƙatar gina asibiti, kuɗi yake buƙata. Kuɗin da ya kashe kuwa dole ya fanshe su, ta kwangilar tashar jiragen ruwa, ko filayen gwamnati, ko tallafin ƙasashen waje. Shi ya sa faɗan shugaba da firaminista ba ya ƙarewa, domin tukunya ɗaya suke wa kallo.

Masu hana ɓarnar kuwa ba sa daɗewa. Yussur Abrar mako bakwai kawai ta yi tana gwamnar babban banki a 2013, ta ajiye aiki tana kukan matsin lamba. A 2022, watanni kaɗan da dawowarsa mulki, Hassan Sheikh ya rusa hukumar yaƙi da cin hanci.

Yanzu shi ne ke kiran a koma zaɓen kowa da ƙuri'arsa, kuma a nan yana da gaskiya. Sai dai gyaran tsarin mulkin da aka yi a Maris ɗin 2024 bai samu yardar kowa ba. Jihar Puntland ta janye amincewarta da gwamnatin tarayya, sannan a ƙarshen shekarar sojojin tarayya da na jihar Jubaland suka yi musayar wuta a garin Ras Kamboni. Dakarun da aka kai can don a karya shugaban Jubaland, Ahmed Madobe, da Al-Shabaab ya kamata a ce suna fafatawa.