Ruwa fa?

Duk lokacin da aka taso da zancen binne sharar nukiliya, sai a yi ta tambayar zurfin rami da kaurin kankare. Ni tambayata ɗaya ce: ruwa fa? Shara ba ta da ƙafa, ba za ta taso ta same mu ba. Ruwa ne ke cin ƙarfen ganga, ya narkar da gubar, ya ja ta sannu a hankali har cikin rijiyoyi da koguna.

Ku dubi Asse, tsohuwar mahaƙar gishiri a Jamus. Tsakanin 1967 da 1978 an zuba gangunan sharar nukiliya kusan 126,000 a cikinta, da hujjar cewa wurin a bushe yake. Wasu ma ba jera su aka yi ba, da mota aka riƙa tuntsurar da su cikin rami a bi da gishiri a rufe. Daga 1988 ruwa ya fara shiga, daga baya har ya kai kimanin lita 12,000 kullum, ana tarewa ana fitarwa. Abin da ya fi ci mini rai, sai a 2008 jama'a suka ji cewa akwai gurɓataccen ruwa mai sinadarin siziyam, wata guba ta nukiliya, a ƙasan mahaƙar. Mutane na noma a sama, suna renon 'ya'yansu, ba su sani ba! A 2013 majalisar ƙasar ta yi dokar tono sharar, kuma har yau ko ganga ɗaya ba ta fito ba.

Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da Onkalo, ramin binne sharar nukiliya na ƙasar Finlan. Su masu gina shi ba su rantse cewa ruwa ba zai zo ba, sun ɗauka lallai zai zo. Suka haƙa fiye da mita 400 cikin dutse, za su rufe sharar a tukwanen jan ƙarfe masu kaurin santimita 5, su kewaye da yumɓun bentonait, wanda da ya sha ruwa sai ya kumbura ya toshe kafofi.

Duk da haka ban saki jiki ba. Shekara 100,000 ake so wurin ya riƙe, kuma wasu masana a Suwidin sun yi gardama cewa jan ƙarfen zai iya cinyewa da wuri fiye da yadda aka lissafa. Ina so a ci gaba da auna ruwan da ke kewaye da ramin, a riƙa buga sakamakon a fili, kowa ya gani da idonsa.