Ranar da Na Zaga da Kawu Garin Jos

Kawu ya zo daga Kano ya kwana biyu a wurinmu, ni kuma na ɗauki alwashin sai ya koma da labarin Jos. A nan aka yanke mini cibiya, don haka tun a mota na buɗe masa karatu: garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa sanyinmu ba ya jin magana. Kawu dai carbinsa yake ja.

Muka fara da gidan tarihi, wanda Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952. Na nuna masa kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, na ce masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Ya gyaɗa kai. Daga nan na ja shi ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi Masallacin Juma'a na Zariya, na tsayar da shi gaban wata doguwar katangar ƙasa, na ce, "Kawu, kun san mene ne wannan? Ganuwar Kano ce!"

Ya dube ta, ya dube ni. "Wato, ɗan nan, kuɗin mota na biya tun daga Kano don ka nuna mini badala? Ai a gindinta nake shan iska kullum."

Don in wanke kaina na garzaya da shi gandun namun daji, wanda aka buɗe a 1972. Sai dai ƙarfe ɗaya na rana muka isa, lokacin da kowace dabba mai hankali ta nemi inuwa. Mai son ganin motsi da sassafe yake zuwa, ko bayan la'asar. Zaki kan yi barcin da ya kai awa 20 a yini, kuma a tsakiyarsa muka same shi. Jelarsa kawai muka gani. Kawu ya ce ta yi kyau.

A tafkin Rayfield bai ma sauko ba, da na gaya masa tsohon ramin kuza ne, irin wanda ba shi da gaɓar wasa, taku biyu ka zarce. Saura guda ta rage mini: ruwan Assop, sama da kilomita 60 a hanyar Abuja, can gindin Hawan Kibo. Muka wuce duwatsun Riyom ina ta bayani, muka fara gangara. Ni da dabarar tsimin mai, sai na jefa motar a firi, wato na cire ta daga giya, na ɗora ƙafa a birki, na ci gaba da lacca.

Ga abin da ke faruwa idan ka yi haka. Motar da ke firi, injinta ba ya riƙe komai, duk nauyin yana kan birki. Ƙafa ba ta ɗagawa, ƙarfe ba ya samun iskar hucewa. Man birki kuma yana shan danshi a hankali, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Nawa kuwa tun da na sayi motar ban taɓa buɗe murfinsa ba. Zafi na kaiwa gare shi sai ruwan da ke ciki ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsewa yake yi, ba ya tura komai. Da farko ƙauri na ji. Sai birkin ya yi laushi kamar na taka tuwo, ya tafi har ƙasa.

Karatu ya ƙare, salati ya fara.

Kawu bai ko ajiye carbi ba. "Kada ka kashe inji, sitiyari zai yi tauri. Taka kuloci, sa giya ta uku. Saki a hankali. Yanzu ta biyu. Buga birkin, ɗaga, buga, ɗaga. Birkin hannu kaɗan-kaɗan, kada ka fizga, in ka fizga baya za ta juyo." Injin ya yi ta gurnani, motar ta lafa, muka gangara gefen titi muka tsaya. Sai a lokacin na tuna mutumin nan rabin rayuwarsa a kan tirela ya yi ta.

Na fito da jarkar ruwa zan sheƙa wa tayar da ke hayaƙi, ya riƙe mini hannu. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi lanƙwasa shi yake yi, daga nan duk taka birki sai mota ta yi ta karkarwa. Ya sa na kafa dutse a gaban taya, muka zauna minti 40 sai da ta huce, ya gwada birkin da ƙafarsa ya ji ya dawo.

Sannan ya miƙo hannu. Na ɗauka addu'a za mu shafa, ashe makulli yake nema.

Da giya ta biyu ya sauke mu har Assop, ina kujerar baya rungume da kular abinci. Muna isa, ruwa yana zubowa a kan duwatsu gwanin sha'awa, na buɗe baki zan fara bayani, ya ce, "A'a, ɗan nan, wannan bari in gani da idona."