Kafin ka ɗauki motar haya daga Munich zuwa Roma

Duk shekara da bazara ta kawo kai nan Turai sai saƙonni su fara shigo min, daga 'yan uwa masu zuwa hutu daga gida da kuma ɗalibanmu da ke nan, kuma tambayar kusan guda ce kullum: wai in ɗauki motar haya a Munich ta Jamus in ratsa Ostiriya in gangara Italiya, in taɓa Venice da Florence har in dire Roma, ai zai fi jirgin ƙasa sauƙi ko? Ni dai ra'ayina a kan wannan bai canza ba, motar haya ta hanyoyin da ke tsakanin garuruwa ce da ƙananan ƙauyuka, ba ta cikin manyan birane ba ce, kuma duk wanda ya zauna ya tsara tafiyarsa da tunanin cewa abin da ya gani a Jamus shi zai tarar a Italiya, to zai biya kuɗin da bai shirya ma ba.

Jamus ɗin ce ma take sangarta mutum. Babbar hanyarsu, Autobahn, ƙaramar mota ba ta biyan ko sisi a kanta, ka tashi daga Hamburg har Munich babu wanda zai tsayar da kai ya ce kawo kuɗin hanya. Sannan ga wuraren da babu iyakar gudu, wanda shi ne abin da samarinmu suka fi ji suka fi ɗoki, amma ba a gaya musu ragowar zancen: hukuma ta ba da shawarar kilomita 130 a awa, kuma in ka zarce hakan aka yi hatsari ana iya ɗora maka wani kaso na laifin ko da ba kai ka jawo ba. Layin hagu na wuce mota ne kawai, ka wuce ka koma dama, haramun ne ka wuce mutum ta damansa, in kuma cunkoso ya haɗu dole motocin layin hagu su matsa hagu sauran su matsa dama a bar fili a tsakiya saboda motar asibiti. Wannan tsarin wallahi yana burge ni har yau, shi ya sa gudun nasu bai zama hauka ba.

Toh da ka tsallaka iyaka sai lissafi ya canza. Ostiriya sai da sitikar hanya da suke kira vignette, ana saya a gidajen mai na kusa da iyaka ko ta intanet, akwai ta kwana 10, kuma motar da ka ɗauka a Jamus galibi ba ta da ita, kai za ka saya. Ko ka saya ma, hawan Brenner, hanyar cikin duwatsu da ke kai ka Italiya, kuɗinsa daban ne. Ka shiga Italiya kuma wani salon ne, za ka zari tikiti a mashiga ka biya a mafita gwargwadon nisan da ka yi, kuma ka kiyayi layin da ke da allon ruwan ɗorawa na Telepass, na masu na'ura ne a mota, in ba ka da ita ka shiga ka jawo wa kanka magana. In ka ce ta Suwizalan za ka bi, su sitikarsu ta shekara guda ce, faran 40 a kuɗinsu, ko da awa biyu za ka yi a ƙasar. Faransa ita ma biya ake a kan manyan hanyoyi, gudunta 130, in ana ruwan sama ya koma 110. Ƙasashe ne maƙwabta, babu shinge tsakaninsu saboda yarjejeniyar buɗe iyakoki ta Schengen, amma kowacce da dokarta, kuma rashin shingen nan ne yake sa mutum ya manta ya shiga wata ƙasa.

Abin da ya fi ci min rai dai shi ne ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar mota, don shi ne ya fi cin kuɗin mutanenmu kuma kusan babu mai gaya musu kafin su tashi. Tsakiyar tsofaffin biranen Italiya, Florence da Roma da Bologna da Pisa da Siena da sauransu, an killace shi, a wasu sa'o'i mazauna unguwar da masu izini kaɗai ke shiga da mota. Babu ƙofa, babu ɗan sanda a tsaye, allo ne kawai fari mai jan zagaye da kyamara a sama, kuma manhajar taswira a waya ba kullum take kauce maka ba, sai ta ce sha dama ka sha, ka shige. Kowace shiga tararta daban, wato mutumin da ya ɓace yana zagaye yana neman otal ɗinsa zai iya cin tara uku ko huɗu cikin rabin awa bai ma sani ba. Sai bayan watanni ya koma gida ya manta da tafiyar, kamfanin haya ya fara cire nasa kuɗin na miƙa sunansa ga hukuma daga katinsa, sannan takardar tarar ta biyo baya. A gida mun saba in ka yi kuskure akwai mutum a gabanka da za ka ce ma ranka ya daɗe baƙo ne ni, a yi haƙuri, kuma sau da yawa a yi haƙurin. Nan kyamara ce, ba ta san baƙo ba. In har otal ɗinka yana cikin yankin, ka kira su tun kafin ka iso ka ba su lambar motar su yi mata rajista, in ba za su iya ba ka ajiye motar a wajen gari ka shiga da ƙafa ko bas.

Kuma wai don Allah me za ka yi da mota a Roma? Daga Florence zuwa Roma jirgin ƙasa mai sauri kamar awa ɗaya da rabi ne, ya sauke ka a tsakiyar gari, a mota kuwa sai ka ci awa uku ban da neman wurin fakin. Milan zuwa Roma kusan awa uku a jirgi, alhali tafiyar ta haura kilomita 500. Venice kuma birni ne a kan ruwa, gaba ɗaya mota ba ta shiga, a bakin gari wajen Piazzale Roma ko Tronchetto ko can Mestre za ka ajiye ta kana biyan kuɗin fakin kullum, ga kuɗin haya yana tafiya, motar tana kwance kai kana cikin jirgin ruwa. Wanda tafiyarsa daga babban birni zuwa babban birni ce kawai, ni shawarata ya manta da mota, ya sayi tikitin jirgi da wuri.

Amma fa ba ina kushe motar ba ne, ni ma ina son ta, kuma akwai inda babu abin da ya kama ƙafarta. Karkarar Tuscany da ke kewaye da Florence, wajen San Gimignano da Montepulciano da Pienza, inda bas sai jefi-jefi, ko duwatsun Dolomites na arewacin Italiya, ko hanyar nan ta Bavaria a kudancin Jamus da ta tashi daga Würzburg ta bi ta Rothenburg ta ƙare a Füssen kusa da fadar Neuschwanstein, waɗannan wuraren mota suke so. Ka tsaya inda ka ga dama, ka juya in wuri bai yi maka ba, in lokacin salla ya yi ka ratse wurin hutawa ka yi abinka cikin natsuwa. Mai iyali da yara uku da jakunkuna da keken jariri shi ma ya san abin da nake nufi, canjin jirgi da minti bakwai a tasha da yara ba wasa ba ne, kuma in kun kai mutum huɗu ko biyar kuɗin tikiti ya kan haura na mota. Don haka tsarin da nake ba mutane shi ne a raba tafiyar: jirgi tsakanin manyan birane, sai a ɗauki mota na 'yan kwanaki a ranar da za a bar birnin zuwa karkara, a maida ta inda aka ɗauko.

Maganar maida ta inda aka ɗauko ɗin nan tana da muhimmanci. Farashin da kake gani a intanet na wanda zai dawo da motar wuri ɗaya ne, in ka ɗauka a Munich ka ajiye a Roma kuɗin da za su ƙara maka yana iya fin na hayar kanta, don sai sun dawo da abarsu ƙasar da aka yi mata rajista. Ko tsallaka iyaka ma sai ka gaya musu tun a kanta, wasu suna ƙara kuɗi, wasu motocin ma ba a yarda su shiga wasu ƙasashe ba.

Sai takardu, inda na ga an maido mutane daga kanta da bukin ɗinsu, wato takardar kama mota, a hannu. Yawancin kamfanoni katin kiredit suke so mai ɗauke da sunan direban, su riƙe kuɗin jingina a kai har ka dawo da mota lafiya, katin cire kuɗi na yau da kullum da yawansu ba sa karɓa, na matarka ko na abokinka kuma ba zai yi ba. Wanda ke zuwa daga gida ya zo da lasisinsa na asali haɗe da na ƙasa da ƙasa, ɗayan ba ya aiki ba tare da ɗayan ba. Ku kuma ɗalibai da kuka zauna a Jamus ku ji da kyau, lasisin gida wata shida kawai yake aiki daga lokacin da ka zama mazauni, bayan nan tuƙi da shi laifi ne babba ko da kamfanin haya bai lura ya ba ka mota ba, kuma inshora za ta iya zame jikinta in wani abu ya faru. Wanda bai kai shekara 25 ba galibi akwai ƙarin kuɗi. Direba na biyu sai an rubuta sunansa. Yawancin motoci masu araha a nan masu giyar hannu ne, in otomatik ka iya ka zaɓe ta tun wajen bukin, kar ka zo hawan dutse shi ne ranar farkonka da kuloci. Yaro kuma a Jamus in bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 150 ba sai da kujerarsa.

Inshorar da ke cikin farashi tana da wani kaso da kai za ka biya daga aljihunka in motar ta samu rauni, ka tambayi nawa ne kafin ka sa hannu, ka kuma tambaya ko ta haɗa da taya da gilashi don sau da yawa ba ta haɗa ba. Ka zagaye motar da waya ka yi mata bidiyo ranar ɗauka da ranar maidawa, har da ƙafafun da mizanin mai. Ka karɓa da tanki cike ka maida cike, ka riƙe rasit ɗin gidan mai na ƙarshe, ka kuma duba murfin tanki ka tabbatar fetur take sha ko dizal kafin ka ɗaga bututu.

Lokaci kuma kar ka yarda da abin da waya ta ce ɗari bisa ɗari. Munich zuwa Roma ya haura kilomita 900, ba tafiyar yini ɗaya ba ce ga mai iyali komai ƙarfin halinsa. Asabar ɗin watan Yuli da Agusta hanyar Brenner cika take maƙil da masu tafiya hutu, makon 15 ga Agusta kuma Italiya kaf tana kan hanya, in da hali ka tashi tsakiyar mako da sassafe. Mai zuwa da hunturu ya tabbatar motar tana da tayoyin sanyi, Ostiriya tana buƙatarsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu in akwai ƙanƙara a hanya. Ka riƙa tsayawa duk bayan awa biyu, kar ka bari mai ya yi ƙasa sosai don ƙarewar mai a Autobahn ma laifi ne da ake cin tara a kansa, sannan ka ajiye lambar 112 a wayarka, ita ce ta gaggawa a duk ƙasashen nan da na lissafa.