Kebul nasu ne, makunni kuma na gwamnati

To ni dai wannan labari naku na cewa kamfanin Meta, mai Facebook, da abokan hulɗarsa sun shimfiɗo kebul ɗin 2Africa ta ƙarƙashin teku don intanet ya wadata a Afirka, na ji, Allah ya sanya albarka, amma don Allah ku daina rubuta shi kamar sadaka aka kawo mana. Kun manta da Free Basics ne? A 2016 Facebook ya haɗa kai da Airtel ya kawo shi Najeriya, wai ka hau intanet ba data, amma shafukan da suka amince da su kaɗai zaka buɗe, kana taɓa wani abu na waje sai a ce maka sayi data. A Fabrairun 2016 ɗin Indiya ta haramta shi, hukumar sadarwarsu ta ce ba a yarda kamfani ya fifita wasu shafuka kan wasu ta hanyar farashi ba, mu kuwa muka karɓa hannu bibbiyu.

Kuma ba Turawa kaɗai nake zargi ba fa. Gwamnatinmu ta rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021, a Satumba kuma aka kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara saboda 'yan bindiga, mai POS ya naɗe lemarsa, mutum sai ya biya kuɗin mota ya bar jihar kafin ya gaida ɗansa a waya, kuma ba wanda ya nemi shawararsu.

Ku je ku tambayo mana NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, in kebul ɗin ya fara aiki kuɗin data zai sauka ko kuwa?